Ƙwaya Uku a Ƙullin Leda

Talata: daga Kano zuwa fadamar Kirikasamma

Ƙarfe biyar da rabi, ina idar da sallar asuba, na nufi tasha. Jiya da la'asar Falmata, matar yayana Bukar, ta bugo mini waya tana magana ƙasa-ƙasa: "Ƙafafun yayanka sun kumbura, ko silifa ba ya shiga. Ya ce kada in gaya maka." Yaya Bukar shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Ni kuwa shekara tara ke nan ina aiki a shagon sarin magani a Kano, ina ɗaure kwalaye ana kai wa ƙauyuka. Na san abin da kumburin ƙafa yake nufi a yankinmu. Ƙoda ce, kuma mun binne mutane da yawa a kanta.

Mota ta tashi shida da kwata, mu huɗu a baya kamar an cusa mu a buhu. A Jahun, wajen takwas da rabi, muka sha koko da ƙosai a tsaitsaye. Shinge uku muka wuce, ba wanda ya ɓata mana lokaci. Daga Kafin Hausa kuwa sai ga ruwa hagu da dama, ya shanye gonaki, kan gero kawai kake hange.

"Direba, haka ruwan yake har Haɗeja?"

"Malam, wannan ai sallama ya yi. Bai shigo ba tukuna."

Goma da minti arba'in muna Haɗeja. Na hau acaɓa zuwa Kirikasamma, tafiyar awa guda, daga nan mai fito ya tsallakar da ni a kwalekwale zuwa ƙauyenmu. Na ɗauka zan tarar da mara lafiya a kan tabarma. Ina! Falmata ta nuna mini fadama da haɓa.

Can na same shi, ruwa har ƙugu, lauje a hannu, yana yankan shinkafa yana jefawa a kwalekwale. Gonar ta wani Alhaji ce da ke Haɗeja; shi ke ba da iri da taki, yaya ya yi aikin, a raba amfani. In ruwa ya cinye, Alhaji yana da wasu gonakin a tudu. Yaya kuwa abincin shekararsa ke nan.

"Yaya, don girman Allah ka fito!"

"A'a, ɗan birni! Wa ya kira ka? Falmata ko? Bakinta ba ya riƙe magana."

Da ya fito na duba ƙafafun. Na danna da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Muna nan sai ga mai magani a kan keke, kwalinsa ɗaure a baya. Masu yanka suka yi caa a kansa. Abin da suke saye shi ake kira haɗi: ƙwaya uku a ƙullin leda, ja da fara da rawaya, duk na kashe ciwon jiki. Kowa ya watsa a baki ya kora da ruwan fadamar. Yaya ya ce yakan sha ƙulli biyu a yini, lokacin yanka uku. Na dubi kwalin, irin wanda nake ɗaurewa ne kullum. Haushi ya kama ni, na balbale mai keken da faɗa har mutane suka ba ni haƙuri.

Laraba: asibiti a Haɗeja

Da ƙyar ya yarda, bisa sharaɗin mu dawo kafin la'asar. Bakwai mun tsallake, tara saura muna layi. Mutane sun fi ƙarfin benci, da yawansu ƙafafunsu irin na yaya. Wani dattijo ya ce mini akwai asibitin kuɗi a cikin gari, can ba layi. Na tambayi farashi, na ji ya fi ƙarfin aljihuna.

Sai ƙarfe ɗaya aka ɗebi jini, biyu da rabi muka ga likita, wata mata mai magana a hankali.

"Baba, ƙodarka ta taɓu, amma ba ta kai ga wankin ƙoda da inji ba. Ka daina shan haɗin nan yau ɗin nan, ka huta. In ka ci gaba, ba ni da abin da zan yi maka."

"Likita, in na huta, ruwan ma zai huta?"

Muna fitowa wayar yaya ta yi ƙara, Alhaji ne. Yana Kano wajen likitan gwiwa, ya ji an ce ruwa na ƙaruwa, a tabbata an kwashe shinkafar kafin Juma'a. Yaya sai "to, ranka ya daɗe" yake yi. Wallahi ji na yi kamar in fizge wayar in wurga a kwata.

"Ni zan yanka," na ce. "Kai ka zauna."

Ya kalli tafin hannuna ya yi dariya har da tari.

Alhamis: cikin ruwa

Shida na safe na shiga. Ruwan da shekaranjiya yake ƙugu ya haura cibiya. Sai ka sunkuya har haɓarka ta taɓa ruwa, ka laluba gindin shinkafa, ka yanka, ka ɗago, ka jefa. Kafin tara hannuna ya yi bororo, matsattsaku biyu sun maƙale mini a ƙwauri. Kafin sha ɗaya bayana ya ƙage, in na sunkuya ba na iya miƙewa sai na dafa kwalekwale. Na juya in ga abin da na yi, ko kwatar abin da ya rage ban ci ba. Yaya yana zaune a gindin giginya, ya ɗora ƙafafu a kan buhu, yana kallon ruwa yana kallona.

Ana kiran azahar mai keken ya iso. Na fito ina jan jiki, niyyata in sha ruwa kawai. Ya gan ni ya kau da kai, yana tsoron wani faɗan. Na daɗe a tsaye. Na san sunan kowace ƙwaya a ledar nan, na san abin da take yi wa ƙoda, jiya-jiya na ji daga bakin likita. Na kuma san sauran gonar nan ba za ta jira bayana ya saki ba.

"Ba ni ɗaya," na ce.

Na haɗiye, kunya ta hana ni ɗaga kai. Yaya bai yi mini gori ba. Cewa ya yi kawai, "Ka ci wani abu tukuna, yana cin ciki." Bayan rabin awa na koma ruwa kamar ba ni ba, na yi yanka har rana ta faɗi.

Juma'a: komawa

Kwana uku maigidana ya ba ni, in na ƙara wani zai maye gurbina. Saura ɓangare guda a gonar, wajen ciyawar kacala, inda ruwa ya fi zurfi. Na ba wani maƙwabci abin da ya rage a aljihuna ya taya, ya ce sai ya gama tasa. Yaya ya rako ni bakin fito ƙarfe bakwai.

"Yaya, ka yi mini alkawari ba za ka shiga ba."

"Allah Ya kiyaye hanya, Habu. Ka gai da iyali."

Kwalekwale ya kai tsakiya na waiwaya. Yaya ba hanyar gida ya bi ba, fadama ya nufa, yana jan ƙafa. Na buɗe baki zan ƙwala masa kira, sai na rasa abin da zan ce masa ya ci bana.

Biyu da rabi na sauka Kano lafiya, alhamdu lillahi. Ina godiya ga Falmata da ta karya umarnin miji ta kira ni, da likitar da ta gaya mana gaskiya, da mai fiton da ya ƙi karɓar kuɗina. Wanda ya karanta wannan ya sa Yaya Bukar a addu'a. Da la'asar na leƙa shago, maigida ya ce na dawo a daidai: kwali shida na Haɗeja suna jira in ɗaure.