Zuwa Dapaong Wurin Kossi

Da assalatu na bar gida a Zongon Lomé a farkon hutu, Inna ta biyo ni har bakin titi da ƙunshin dambun nama. Lokacin ina koyar da lissafi a lise, wato sakandare, ni da abokin aikina Kossi, da nake ce wa Fo, wato Yaya, muna fama da wata tambaya. Idan ka ɗauki matris, wato lambobi jere layi-layi, kowace kibiya mai tsawo ɗaya da ka bi da ita ta ciki za ta ba ka ɗigo, ɗigogin su taru su yi siffa. Ta biyu-da-biyu kamar ƙwai take fitowa. Mu so muke mu san yaushe gefen ta uku-da-uku yake miƙewa. Ana haka aka tura Kossi Dapaong, can arewa, don bai fita rawar jam'iyya ba. Daga baya ya aiko cewa ya bar bincike.

Atakpamé

Bashe muka shiga, mota mai rufin tamfal, gwiwa na gugar gwiwa. A kowane shinge jandarma su sauke mu, su duba katin shaida, mu koma. Da azahar muka ci fufu da miyar gyaɗa, wadda har yau ban sake cin irinta ba.

Sokodé

Gidan Kawu Idi na kwana. Yana tura mini soyayyen wagashi, wato cuku, ya ce, “Sani, duk wannan wahala don zanen ƙwai?”

Na ce, “Kawu, don mai zanen ne.”

Dapaong

Bayan makaranta na sami Kossi yana ba tumatir ruwa, ya rame ƙwarai.

“Malam Sani, ai na ce maka na daina.”

“Ba roƙo na zo yi ba, Fo Kossi. Na gama hujjar, ina so ka gani.”

Na shiga aji na fara rubutu a allo, shi yana bakin ƙofa da bokiti a hannu. Ban kai tsakiya ba na ji ya dire bokitin.

“Tsaya! Wa ya ce maka waɗannan matris biyun suna musanya wuri?”

Ya fizge allin. Nan take aikina na watanni ya rushe, amma ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Muka duƙufa har hutu ya ƙare, muna gardama da Faransanci, muna shiryawa da Hausa. Rabin tambayar ta warware.

Lomé

Na iso Zongo da la'asar, yara na ihun oyoyo. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Kawu da direbobinmu. Aikin ya fito da sunayenmu biyu. Kossi bai sake zama a Lomé ba, a Dapaong ya rasu. Sauran rabin tambayar yana nan. Nakan taɓa shi, sai dai babu mai ce mini in tsaya.