Siririn Rubutun Yaya Tanimu

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Laraba a Maƙarfi ya san wurin zaman Yaya Tanimu, gindin durumin nan na kusa da masu rake. In ya amsa maka sallama, ba zai ƙara cewa uffan ba sai ya gama fiƙe alƙalaminsa na kara. Ya fiƙe, ya ɗaga sama ya duba, ya girgiza kai, ya sake fiƙewa, har bakin ya koma kamar allura. Sannan ya ce, "To, wa za mu gaisar?" Wasiƙa yake rubuta wa mutane, ajami da boko, da wani siririn rubutu mai kwanciya gefe guda kamar gero in iska ta bi ta kansa.

Ni ne ƙaninsa, Ilu. Yau kwana huɗu da muka kai shi makwancinsa, aka kuma ɗora mini sanar da 'yarsa tilo, Hajara, da ke aure a Gusau da tsohon ciki. Shi ya koya mata karatu, ta san hannunsa sarai. Da zarar ta ga ambulan da rubutun wani, za ta gane ya rasu, ko da tana tsaye a bakin rijiya ne.

Kun dai san taurin kansa. Bayan samun mulkin kai da aka gina ɗakin shan magani a wajen Gubuchi, aka ba shi rubutun allon da za a kafa a ƙofa. Ya kwana biyu a kai, ya kawo. Malamin asibiti ya ja da baya taku biyar, ya ƙanƙance ido.

"Haba, Malam Tanimu! Wa zai hango wannan daga bakin hanya?"

"Mai ciwo zai matso," in ji shi. "Wanda ya wuce ta bakin hanya lafiyarsa ƙalau, ina ruwansa da ku?"

Da biro ya fara shigowa, wani abokinsa ɗan tireda a Kudan ya kawo masa tsarabar guda daga Zariya. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ja layi ɗaya, ya tsaya yana kallo. "Kai! Wannan abu murya ɗaya gare shi. Da ta'aziyya da sammaci duk ɗaya yake faɗarsu." Bai yar ba, don Yaya ba ya yar da komai. Shekara da shekaru biron nan yana zura masa tazuge a wando.

Akwai ranar da wani Ɗanladi daga Gazara ya zo yana huci, zai aika wa wansa da ke Jos wasiƙa a kan gonar gado.

"Rubuta masa, maras kunya! Ka danna sosai, Malam, ya ji a jikinsa!"

"Alƙalamina ba ya ɗaukar zagi, karyewa yake. In dannawa kake so, ga Ilu can. Shi huɗa yake yi a takarda."

Jama'a suka kwashe da dariya, ni ma na yi, don gaskiya ce. A ajin yaƙi da jahilci na koya, kuma har yau kamar garma nake riƙe alƙalami. Yaya ya rubuta gaisuwa, ya ƙara da "ka zo gida mu yi magana", ya karanta masa.

"To ina zagin?"

"Na bar maka shi a baki. In ya zo ka ba shi da kanka."

Wan ya zo da ƙullin goro, zagin kuwa har yau ba a ba shi ba.

In wasiƙar rasuwa ce, sai ya ƙara wa tawadar ruwa. Yakan ce ba a faɗar mutuwa da ƙarfi, a bar mutum ya matso da takardar kusa, ya nemi wuri ya zauna, kafin ya iso wurin.

Jiya da safe na gwada rubuta wa Hajara. Takarda uku na huda. Na ɗauko gafakarsa ta takardu in nemi wata, sai na tarar da ambulan, an riga an rubuta sunan Hajara da adireshinta da siririn hannun nan. Ashe tun da ciwonsa ya fara tsananta ya shirya. A ciki akwai gaisuwa rabin shafi, har da tambayar nauyin jiki, sannan, "'Yata, ki nemi tabarma ki zauna, ki kira mijinki kusa. Baffanki Ilu yana da magana." A ƙasa ya bar mini fili. A wata 'yar takarda daban ya rubuta, "Ilu, layi biyu ya isa. Kada ka danna."

Na fiƙe alƙalaminsa, na ƙara wa tawadar ruwa, na rubuta layi biyun. Sun karkace, amma takardar ba ta huje ba. Yau na ba direban motar Zariya ya sa a gidan waya.

Allah ya sa ta karanta tana zaune, ya sauke ta lafiya. Yaya, yadda ka sassauta wa mutane hannu, Allah ya sassauta maka, ya haskaka kabarinka. Amin.