Shekarar da Mama Ta Hau Jirgin Baba Famau

Mahaifina, Famau Lali, shekara talatin da shida ya yi yana tuƙa jirgin katako tsakanin Lamu da tsibirin Manda. Gajere ne kakkaura, ƙafafunsa duk kaushi, don shi da takalmi sai ranar Juma'a. Jirginsa ba inji, sai tanga, babban ƙyallen nan mai kusurwa uku da iska ke turawa. Yawancin shekara 'yan yawon buɗe ido yake ɗauka, ya kai su kamun kifi, ya gasa musu a bakin yashi. Mu ba ma ganinsa sai da magariba, gishiri ya bushe masa a gemu.

Amma da iskar kusi ta taso daga kudu a watan biyar, gari ya yi sanyi, sai baƙi su watse. Sauran matuƙa su ja jiragensu kan yashi, su zauna shan gahawa da hira. Baba kuwa sai ya ce yanzu jirgi ya dawo hannun masu shi. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, mu biyu ne, ni Esha da yayata Zuhura, don haka mu ya koya wa jan igiya da naɗe tanga. Duk Asabar mukan fita, ba can tsakiyar teku ba inda ruwa ke hauka a lokacin, sai dai cikin mashigin da tsibirai suka kare.

Mahaifiyarmu Somoe ba ta taɓa binmu ba. Tana yarinya jirgi ya kife da su a hanyar tsibirin Pate, tun daga nan ta yi sallama da duk abin da iska ke turawa. Nata dai ta dafa shinkafa da madarar kwakwa, ta kawo bakin gaɓa, ta miƙo tukunya daga nesa.

"Maman Zuhura, shigo mana, ruwan yau kamar tabarma," in ji Baba kowane mako.

"To ka shimfiɗa ka kwanta. Ni dai ka dawo min da 'ya'yana da tukunyata."

Shekarar da na cika ashirin da biyu, Mama ta fara lura da wasu abubuwa. Baba zai zuba gahawa, rabi ya tafi gefen kofi. Wata rana a lungunmu ya yi wa buhun gawayi sallama, ya tsaya yana jiran amsa. Da ta yi masa maganar ido, ya ce hayaƙin murhunta ne.

Ranar Asabar ta sauko da tukunya kamar kullum, amma ba ta miƙo ba. Ta tattare zaninta, ta yi bisimilla, ta tako cikin jirgi, ta zauna ta rungume jigon tanga da hannu biyu. Ni da Zuhura muka kalli juna.

"Ikon Allah! Yau wace rana?" in ji Baba. "Zuhura, duba min, uwarku ce ko dai aljanar ruwa?"

"Tuƙa kawai, sarkin surutu, kafin in canja shawara."

Muka ɗaga tanga, iska ta cika shi, jirgi ya ɗan kwanta gefe ya fara yanka ruwa. Mama ta rufe ido tana salati. Sai da muka wuce ƙauyen Shela ta buɗe. Ni da Zuhura muna can muna fama da wata igiya da ta sarƙe, muka ji ta ce, "Baban Zuhura, ruwan gabanmu fa fari ne, ba kamar na baya ba."

"Ke da kika hau jirgi yau, har kin fara koya min ruwa?"

Zuhura ta ɗago kai ta ƙwala ihu, "Baba, yashi!" Kafin ya karkata, ƙasan jirgi ya daki tudun yashi, muka tsaya cak. Ba wanda ya ji ciwo. Sai dai ruwa na janyewa, ba mu da abin yi sai jiran ya dawo. Ga kuma sandunan da aka kafa don alamar tudun, tsaye a gefenmu, ko yaro zai gan su.

Baba na zaune, hannunsa na kan sandar tuƙi. Can ya ce, a hankali, "Somoe, rabona da ganin sandunan nan tun azumi. Da kunne nake bin hanya, da iskar da ke taɓa min kunci. Tsoro nake ji a sani a gari, a ce Famau ya ƙare."

Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta saki jigon, ta zura ƙafa cikin ruwan da bai kai gwiwa ba, ta ce in miƙo mata tukunya. A kan yashin nan ta shimfiɗa mayafi, ta zuba abinci, ta cire wa Baba ƙayar kifi da hannunta, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Ci," ta ce. "Mutumin da ya gaida buhun gawayi a gaban jama'a, wane asiri ya rage masa?"

Baba ya yi dariya har da hawaye, ban san wanne ya fi yawa ba.

Bayan la'asar ruwa ya dawo ya ɗaga jirgi. Baba ya ba Zuhura sandar tuƙi, karo na farko ba tare da ya ɗora hannunsa kan nata ba. Mama ta zauna kusa da shi tana faɗa masa abin da take gani, sanda a dama, kwale-kwale na tahowa, ga hasumiyar masallacin Shela. Shi kuma yana ce min in saki igiya ko in ja, kuma bai kuskure ko sau ɗaya ba.

Mako biyu bayan haka muka kai shi Mombasa aka cire masa yanar ido. Ranar da aka kwance bandeji, ya daɗe yana kallon Mama.

"Somoe, yaushe kika yi furfura haka?"

"Tambaye ni! Kowace ɗaya da sunanka a jiki."

Likita ya ce kada ya kusanci hasken teku sai bayan mako shida. Kwana tara ya iya daurewa. Da Mama ta ga ba zai zaunu ba, ta sayo masa baƙin tabarau a kasuwa, irin na matasa, ta ce in zai fita to da ita da tabarau, ko kuma ba inda za shi. Idon ya warke tuni, ya ƙara shekara huɗu yana ɗaukar baƙi kafin ya huta, amma tabarau ya zauna. Da shi yake zuwa masallaci, 'yan zaman gahawa suna kiransa ango, shi kuma yana amsawa.