Shirun Isiyaku Mai Wayarin

Yayana Isiyaku mai wayarin ne. A unguwar Makera aka haife shi, kuma a hannun babanmu ya koyi aikin wuta, tun tsohon yana gyaran injuna a masaƙar Kakuri. Ba shi da surutu, amma Allah Ya yi shi da riƙo. Ka taka shi bana, ya tuna maka ranar sunan jikanka.

Da yayin fitilar LED ya shigo, irin mai kama da zare da ake zagaye silin da ita, Isiyaku na cikin na farkon da suka ƙware a kanta. Kullum bayaninsa ga masu gida ɗaya ne. Wannan fitila ba ta shan wutar NEPA kai tsaye, sai an bi da ita ta wani ɗan akwati da ake kira adafta, ya sauke mata ƙarfi zuwa bolt sha biyu. Iya tsawon zaren, iya girman adaftar, a bar mata rara, a ajiye ta inda za ta sha iska. In aka ɗora wa ƙarama kayan babba, zafi za ta yi ta ɗauka har ta narke.

Yana da abokin aiki, Anas, mai daɗin baki da gaggawar tsiya. Suna tsakiyar aikin falon wani Alhaji Zakariyya'u babanmu ya rasu. Isiyaku ya zauna karɓar gaisuwa, Anas ya ƙarasa. Alhaji ya ce a ja zaren har ɗakin cin abinci, Anas ya ƙara, ya jona a kan ƙaramar adaftar da ke wurin, ya cusa ta cikin silin. Ba a jima ba silin ya kama da wuta. Da aka taru, ɗan banzan nan ya dafa ƙirji ya ce shi tsani kawai ya riƙe, aikin Isiyaku ne.

Shi ke nan sunan yayana ya ɓaci. Daga Makera har unguwar Television babu mai yarda ya taɓa masa waya. Mutumin da ake layi a kansa ya koma gyaran fanka da tocila a bakin titi. Na sha cewa, "Yaya, ka je ka shaƙe shi mana!" Sai ya ce, "Sadiya, hannunsa bai canja ba. Zai sake."

Ya kuwa sake. Shekaru suka ja, Anas ya tashi aure, ya ce ɗakin amaryarsa Hajara sai ya fi na kowa haske. Isiyaku yana zaune a shagon Wilson mai kayan wuta Anas ya shigo, ya sa aka auna masa zare mai tsawon gaske, ya ɗauki adafta 'yar mitsitsiya. Wilson ya buɗe baki zai yi magana, Isiyaku ya taka masa ƙafa. Ranar ya dawo gida ya ci tuwo har da ƙari. Da ya ba ni labari, wallahi daɗi na ji har cikin raina.

Ranar jere, mata suka cika ɗakin tun hantsi, aka kunna fitila shuɗi da ja ana ta guɗa. Kafin la'asar warin roba ya tashi. Wuta ta ɗigo daga silin ta faɗa kan katifa, ta ci labule da akwatunan zannuwa kafin maza su kashe ta. Babu wanda ya ji rauni. Isiyaku, da tun azahar yake zaune a ƙofar maƙwabta, ya shiga ya zaro narkakkiyar adaftar ya ɗaga a gaban jama'a.

"Wannan karon wa ya riƙe maka tsani, Anas?"

Kafin magariba labari ya kai kunnen Alhaji Zakariyya'u, ya aiko a ba yayana haƙuri.

Ana cikin watsewa sai ga uwar amarya, wata bazawara mai sayar da ƙosai, wadda ita kaɗai ta tara wa 'yarta kayan nan guda-guda. Toka duk ta ɓata mata zane. Ta tsaya a gaban Isiyaku.

"Malam, an ce tun a shago ka san za ta kama?"

"Na sani, Inna."

"Ni me na yi maka?"

Yayana ya juya ya kama hanyar gida.

Yanzu aiki har ya yi masa yawa. Ni dai har gobe ina cewa Anas ya ga abin da ya nema. Amma kullum da safe Isiyaku sai ya tsallaka titi ya durƙusa ya gaida matar nan a bakin kaskonta. Takan ci gaba da juya ƙosanta, ba ta taɓa amsawa ba.