Birkin da Yatsa Biyu Ke Kamawa

Shekarar da sanyin ƙashi ya sandare wa Baba yatsu, a ita Yaya ya rataye kekensa a azarar zaure. Tsohon keke ne mai birkin sanda, irin wanda sai ka damƙe da dukan tafin hannunka kafin ya saurare ka. Wata Juma'a Baba yana gangarowa ta bakin kududdufin garinmu, ya ja birki, hannu ya ƙi, ya afka wa bayan amalanke. Goshinsa ya tsage. Yaya shi ne babba a cikinmu 'ya'yan Baba, shi ke riƙe da gidan, ya ce an gama hawan keke.

Tafiyar Juma'ar ba yawo ba ce. Gwaggo, yayar Baba, tana wani ƙauye gaba da namu ta hanyar Sule Tankarkar, idonta ya daɗe da tafiya. Tun ina yaro, in an sauko masallaci, sai ya kai mata goro ya zauna har la'asar. Yaya ya ce zai riƙa kai shi a babur.

"Ni ba buhun gero ba ne da za a ɗora a baya," in ji Baba. Bai kuwa je ba.

Da aka kwana biyu sai Gwaggo ta aiko. Ta ce in rasuwa ya yi a gaya mata, ta san halinmu, haka aka ɓoye mata mutuwar ƙanwarsu sai bayan sadakar bakwai, wai don kada hankalinta ya tashi. Aka kira ta a waya aka ba shi. Ta ce wannan muryar kowa ma zai iya yi, ita sai ta taɓa fuskarsa. Abin ya tsaya mini a rai. Tsofaffi biyu masu taurin kai, kowa na ramewa a ɗakinsa, kuma duk abin da ya raba su birki ne.

Ni tela ne a Gumel, kuma a gidanmu an san ni da naci. Ranar Alhamis na rufe shago na tafi kasuwar Maigatari, wajen masu kekuna 'yan Kwatano. Ina bi ina matsa hannun birki ɗaya bayan ɗaya, har mai kayan ya fara hararata. Sai na kai kan wani da babu waya a birkinsa. Siririyar tiyo ce ta sauko daga kan keken zuwa robobin da ke kama wili, mai ne a ciki yake tura su. Na gaba ya mutu, amma na baya da na taɓa shi da ɗan yatsa sai ya cafke.

"Wannan ciwon kai ne, Malam," in ji mai kayan. "Kowa ya saya cire shi yake ya sa na waya."

Na ce ciwon kan nake so.

Bakanikenmu na bakin tasha mutumin kirki ne, ya yi abin da kowa a nan zai yi. Birki ne, mai yake sha, to ga man birkin mota a shagon maƙwabcinsa. Ya ɗura wa gaba da baya. Da yamma keken ya yi kyau. Washegari na tarar robobin sun manne wa wili, ko turawa ba ya yi, mai na tsiyaya ta hannun birkin. Man motar ya kumbura duk 'yan robobin da ke ciki. Yaya ya zo ya gani, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Tela, ka koma ga allurarka. Ka sayo wa tsoho keken da ba ya tafiya, ai ka fi ni tsare shi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Alhamis na zagayowa na koma Maigatari, na tono tarin karyayyun kekuna a bayan rumfar mutumin har na sami irin birkin, gaba da baya. Wani direban babbar mota daga Damagaram da ke shan shayi a gefe ya ga ina juya su, ya ce ya taɓa ganin irinsu a can. Ba su son man mota, in ji shi, farin mai marar kauri suke sha, irin na keken ɗinki. Na dube shi na yi dariya. Abin da nake nema yana kan teburina tun farko.

Na sayo sirinji da robar ƙarin ruwa a kemis. Na tura mai daga ƙasa, yana hawa yana kora iska ta sama. Muddin akwai iska a ciki, in ka matsa hannun birkin sai ka ji shi kamar burodi. Na tura, na ƙwanƙwasa tiyon, na sake turawa, har kumfa ta daina fitowa. Sannan saitin robobi. Dole su kwanta daidai a gefen wili, ba su taɓa taya ba, ba su leƙa ƙasa ba, tazarar hagu daidai da ta dama. Na yanko kwalin sukari na soka tsakanin roba da wili a kowane gefe kafin in ɗaure noti. In na ɗaure wannan, wancan ya goce. Sai kuma na gane wilin kansa ba miƙaƙƙe ba ne, na mayar wa bakanike ya miƙe shi, na sake komai daga farko. Ɗinkin mutane ya taru, wata mata ta zo karɓar zanenta ta tarar da ni a ƙasa, hannu duk mai.

Da na kai keken gida, Baba ya ɗora hannu, yatsunsa ba su kai ga hannun birkin ba. Na duba, na ga wani ɗan sukuru a ciki. Ina murza shi hannun birkin na matsowa kusa, Baba na miƙa yatsu, har biyu suka hau.

"Baba, kada ka damƙe kamar wancan. Taɓawa kawai za ka yi."

"Kai za ka koya mini hawan keke?"

Yaya ya kafa sharaɗi. Ranar Juma'a bayan masallaci ya ja layi da ƙafarsa a gindin gangaren kududdufi, daidai inda abin ya faru. In Baba ya wuce layin, keke ya koma azara. Baba ya naɗe ƙafar wando, ya hau, ya gangaro, babbar riga na kaɗawa. Yana dab da layin keken ya lafa, ya tsaya, ya sauke ƙafa a hankali. Ya dubi layin, ya dubi Yaya, ya shafa aljihu ya ji goron na nan. Sai ya taka ya wuce.

Na bi shi a babur daga nesa, don kada ya ji ƙara ya ce ana gadinsa. Da na isa, keken na jingine a jikin danga. Na tsaya a bakin ƙofa. Gwaggo na zaune a tabarma, Baba ya durƙusa a gabanta, hannuwanta na bin fuskarsa, gemu, kunci, hanci. Da ta kai goshi ta ji tabon, ta daɗe a wurin.

"Wannan ne suka ɓoye mini?"

"Shi ne," in ji Baba.

Ta ja numfashi, hawaye na bin kuncinta. "To, alhamdu lillahi," in ji ta. "Ina gorona?"