Yadda Noreen Ta Kawo wa Jikanta Malamai Har Gida

Noreen Hebden mai soyayyen kifi da dankali ce a wani gari na bakin teku a arewacin Ingila. Gajera ce, kakkaura, ga baki. Ba mai shiga shagonta ya fita ba ta tsokane shi ba.

Jikanta Rowan yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, amma an haife shi da wata lalura: hayaniya da cunkoson mutane suna firgita shi kamar ana dukansa. Da ya shiga makaranta sai abin ya tsananta. Ƙararrawa na bugawa zai shige ƙarƙashin tebur ya toshe kunnuwa. Aka sauya masa makaranta, ba ta sauya zani ba. Har ya kai da safe in ya ga rigar makaranta sai amai. Uwarsa Keeley, 'yar Noreen, ta rame ta lalace.

Wata mata da ke zuwa sayen kifi ce ta tsegunta wa Noreen cewa doka ta yarda, idan makaranta ba ta dace da yaro ba, hukumar ilimi ta ɗauki nauyin karatunsa a wajen makaranta. Noreen ta cire rigar suya ta nufi ofishinsu.

"Madam... wato," in ji matashin jami'in da ya karɓe ta, yana in-ina don ganin yadda ta tsare shi da ido, "ai yaron yana da gurbi a makaranta."

"Gurbi kam yana da shi, ɗan nan. A ƙarƙashin tebur."

Suka ƙi. Ta koma, suka sake ƙi. Sai ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ke sauraron irin wannan. Ita da ta bar makaranta tun tana budurwa, ta duƙufa karatun doka, tabarau a kan hanci, tana tambayar iyayen da suka riga ta bin hanyar.

"Tsohuwa, yaushe kika zama lauya?" mijinta Stan ya tsokane ta.

"Ranar da na gane kai ba za ka zama ba. Juya kifin nan kada ya ƙone!"

Abin da ya fi ba ta wuya shi ne shawo kan malamar ajin Rowan ta ba da shaida, don matar tana tsoron ɓata wa shugabanninta. Noreen ba ta yi mata faɗa ba. Gida ta gayyace ta, ta ga yaron a natse yana karanta littafin jiragen ƙasa. Ranar zaman kotu malamar ta zo, ta ce sun yi iya ƙoƙarinsu, aji ba wurinsa ba ne.

Alƙaliya ta tambayi Noreen me take nema.

"Ranki ya daɗe, so nake ya yi karatu ba tare da tsoro ba. Shi ke nan."

Aka ba su gaskiya. Yanzu malamai biyu ke zuwa gida, hukuma ke biyansu, kuma akwai ranar da ake kai Rowan wata gona yana kula da dawaki. Ya yi ƙiba, yana barci, yana dariya. Keeley ta koma aiki.

Noreen kuwa ba ta huta ba. Ranar Litinin da shago ke rufe, sai ka gan ta a tashar bas da jakarta, za ta raka wata uwar zuwa kotu.