Inda Muryar Baba Take Yankewa

A azumin da likita a Gwarzo ya ce bayan Sallah za a yi wa Baba aiki a maƙogwaro, kuma ba lalle ya sake magana ba, na ƙudurta sai na naɗi tafsirinsa kaf. Tun ina goye yake yinsa bayan La'asar a masallacinmu na Gude, ba wanda ya taɓa ajiye ko minti ɗaya.

Ni da ake ce wa injiniya a gida, na haɗa manhaja biyu a tsohuwar kwamfutata. Ta farko tana ɗaukar murya ta adana, ta kuma zuba wa ta biyu ta hanyar da muke kira bututu. Ta biyun ce ke kai sauti lasifikar cikin gida, wajen su Inna. Na danƙa wa ladan, na koma bakin aikina ina hura hanci.

Da na dawo na duba, sai na tarar da ɓarna. Kowane karatu ya yanke a tsakiyar kalma, wani tun minti goma. Na zargi batiri, na sauya makirufo, na kusa buga kwamfutar da ƙasa. Ba saƙon kuskure, sai wata lamba da ta nuna kashe manhajar aka yi. Haka ƙa'idar take: in mai zubawa ya zuba a bututun da babu mai karɓa, kwamfuta na kashe shi nan take, ba sallama. To, wa ke rufe mai karɓar?

Rana ta sha biyu na zauna bayan ladan. Tari ya sarƙe Baba, sai na ga ladan ya miƙa hannu ya rufe manhaja ta biyu. Bayan an tashi na tare shi raina a ɓace.

"Malam ne ya ce in tari ya zo, kada Hajiya ta ji," in ji shi, Inna yake nufi.

Layi ɗaya na umarni na ƙara, na ce wa manhajar farko ta yi biris da siginar da ke kashe ta, ta ci gaba da adanawa. Layi ɗaya tak! Kunya da baƙin ciki suka rufe ni.

Na durƙusa gaban Baba na roƙe shi ya maimaita mini abin da ya ɓace, ko Baƙara kaɗai. Ya buɗe baki, sai da na kai kunnena dab da leɓensa.

"Muryar da ta rage, ta gobe ce."